Darasi: Zaman Gida da Ɗa Mai Taɓin Hankali

 Darasinmu na wannan wata ya shafi al'amarin da muka saba rufewa a ɗaki, mu ja ƙofa, mu fita Misa kamar babu komai. Duk wanda ya daɗe yana ziyarar gidaje tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san irin ɗakin da nake nufi: yana can ƙuryar gida, kusa da rumbu ko turken awaki, kuma in baƙo ya tambaya sai a ce wane ba ya jin daɗi ne, yana kwance.

Labarin da zan ba ku na haɗa shi ne daga gidaje da dama, domin kada a gane kowa. Saurayi ne ɗan shekara 21, mai ladabi, wanda iyayensa suka sayar da hatsi suka sa shi makaranta. Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan ya daina wanka, ya daina fita dandali, ya ce maƙwabta suna zancensa ta bayan katanga. Wata rana ya ture tuwon uwarsa, ya ce an sa masa guba. Uwar ta same ni bayan Misa, ta durƙusa, ta ce, "Fada, ni na haife shi, ni na goya shi, yau kuma ni yake tsoro." Na ce, "Mama, tashi ki zauna. Tun yaushe?" Ta ce damina biyu ke nan. A cikin damina biyun an kai shi wurin boka, an kai shi wurin masu addu'ar dare, an sayar da sa guda da tumaki uku. Asibiti kaɗai ba a je ba.

Likitoci suna kiran wannan ciwo sikizofireniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa a 1908. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da yakan fara daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma yakan riga kama maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana damun mutum miliyan 24, wato kimanin mutum ɗaya cikin 300. Mai shi yakan ji muryoyin da babu wanda ke ji, ya gaskata abin da babu shi, zancensa ya riƙa tsinkewa. Akwai kuma wata fuska tasa da iyaye suka fi kasa ganewa: mutuwar jiki, rashin magana, rashin sha'awar komai. Uba ya ga ƙato zaune a inuwa ana tsakiyar noma, sai ya ce lalaci ne. Alhali ciwon ne ya cinye masa himma.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, iskoki ne, ko jifa, ko kurciya aka yi masa? Wasu kuma a ɓoye suke tambaya ko alhakin wani ne ya kama su. Ku tuna almajirai sun yi irin wannan tambaya game da mutumin da aka haifa makaho, a sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, kuma Ubangiji bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Masana sun gano cewa gado yana da hannu, haka ma wahalar haihuwa, da matsanancin tashin hankali, da yawan shan wiwi tun ana yaro. Babu dalili guda tilo. Ikilisiya kuwa ba ta yarda firist ya yi addu'ar fitar da aljanu ba sai da izinin Bishop, bayan an bincika sosai an tabbata ba ciwo ba ne. Saboda haka ku yi addu'a, ku kawo shi a shafa masa man marasa lafiya, amma duk mai addu'ar da ya ce a zubar da magani don a nuna bangaskiya, ku fita daga gabansa.

Maganin farko na wannan ciwo, kulofuromazin, an fara amfani da shi a birnin Faris a 1952. Yau akwai halofiridol, da risfiridon, da olanzafin, akwai kuma allura da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya. Maganin ba ya aiki dare ɗaya. Yakan ɗauki makonni kafin muryoyin su lafa. Yana iya kawo yawan barci, ko sandarewar wuya, ko rawar hannu, ko ƙiba. In kun ga haka ku koma wurin likita, domin akwai abin da yake bayarwa, ko ya rage, ko ya sauya. Babban kuskuren da nake gani shi ne wannan: yaro ya sami sauƙi, ya koma gona, sai a ce ya warke, a daina. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, sau da yawa ya fi na farko tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku yakan rabu da alamun ciwon sarai, amma likita ne zai faɗi lokacin ragewa, ba kawu ba, ba maƙwabci ba.

Na san faɗi ya fi yi sauƙi. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi tafiyar kusan kilomita 60 ce, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin motar mutum biyu ya zama abin lissafi. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa suna nesa: Barnawa a Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, Dawanau a Kano. Likitocin wannan fanni a Nijeriya kaf, in ji ƙungiyarsu, ba su kai 300 ba. Ga kuma rashin tsaro. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har da Dutsin-Ma da Kurfi, ko kiran ɗan'uwa ya sayo magani daga birni ya gagara. Don haka ku fara daga babban asibitin da ke kusa, ku nemi takardar turawa, ku adana katin asibiti da sunan maganin a rubuce, kuma kada ku bari saura ƙwaya biyu kafin ku nemi wani.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a darasin nan, wanda kuma ba ya cin ko kwabo. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 wani masani a Landan, George Brown, da abokan aikinsa suka bi sawun majinyatan da aka sallama zuwa gida. Suka ga cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidajen da ake yawan faɗa da gori da nuna ƙiyayya. Abin mamaki, haka ma gidajen da ake lulluɓe majinyaci da damuwa, ana kuka a kansa, ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. Muryar gida magani ce, ko kuwa guba. In ya ce yana jin ana kiransa, kada ku ce ƙarya yake yi, domin shi da gaske yana ji. Kada kuma ku ce ku ma kun ji. Uba yana iya cewa, "Ɗana, ni ban ji ba, amma na ga abin ya firgita ka. Zo mu zauna." Magana gajera, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ba a taru a kansa kamar an kama ɓarawo ba. A ba shi ƙaramin aiki da zai iya gamawa: ba awaki dusa, ɓare gyaɗa, rakiyar ƙanensa ɗiban ruwa. Ya ci abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. A kira shi da sunansa na baftisma, a hana yaran gida wancan sunan da ake jifansa da shi a titi. Amma in ya fara zancen kashe kansa, ko ya ƙi ci da sha, ko ya ɗauki makami, wannan ba na gobe ba ne. A kai shi asibiti ran nan.

Batun mari da turu kuwa, ban zo in yi wa kowa gori ba. Na ga uban da ya ɗaure ɗansa yana hawaye, don tsoron kada ya shiga daji ya faɗa hannun 'yan bindiga. Amma mari yana cin ƙafa, yana kuma cin amana, ciwon kuwa yana nan. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Daura da Katsina a watan Oktoba na 2019. A watan Janairu na 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa.

Sai uwa. A yawancin gidajen da na shiga ita ce ke bin sa'ar magani, ita ce ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ita ce dangin miji ke cewa daga wajensu aka kwaso. Ta daina zuwa Zumuntar Mata, ta daina zuwa kasuwa, hawan jini ya kama ta ba wanda ya lura. 'Yan mata na gidan su ma suna biya, domin masu neman aure sukan janye. Ga dattawan da ke binciken aure ina cewa: cikin 'yan'uwan mai wannan ciwo, kusan tara cikin goma ba sa kamuwa da shi.

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maimakon a kulle majinyata, sai a sauke su a gidajen ƙauyawa tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana. A garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda ake girmama Tsarkakakkiya Dimfina, iyalai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna karɓar irin waɗannan mutane su zauna da su. Mu ba a ce mu ɗauki baƙo ba. Namu ne, mun san kakanninsu. A taron majalisar ikilisiya mai zuwa, ina roƙon kowane katikis ya zo da amsar abu biyu, ba tare da ambaton sunan gidan a bainar jama'a ba: wace mace ce za ta zauna da yaron ranar Lahadi ɗaya a wata don uwarsa ta sami zuwa Misa, kuma wane mai babur ko mota ne zai ɗauki nauyin kai su ranar allura.