Darasi na Goma Sha Huɗu: Ƙaramin Gatarin Mai Kwanan Daji

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda kan ba Bahaushen ƙauye mamaki in ya ji labarinta. Mutum yana da gidansa da gadonsa da wutar lantarki, amma da zarar hutu ya zo sai ya ɗaure kaya ya nufi daji, ya kafa tanti, ya kwana biyu ko uku yana girki da itace, duk don shaƙatawa. Fatake da mafarauta da makiyaya sun daɗe suna yada zango a daji, sai dai su neman abinci ne ya fitar da su. Abin da ya haɗa waɗannan da waɗancan shi ne kowannensu yana bukatar abin sara. Mai kwanan daji na zamani yakan ɗauki ƙaramin gatari wanda ake riƙewa da hannu ɗaya, ya sare busassun rassa da shi, ya faskara itacen hura wuta, ya fiƙe turakun tanti, sa'an nan ya juya ƙeyarsa ya buga su a ƙasa.

Gatarin da Bahaushe ya sani ya sha bamban da wanda ake sayarwa a kantunan Landan ko Shikago. Na maƙeran Hausa ruwansa yana da wutsiya mai tsini. Akan sassaƙa ƙota mai ƙaton kai daga itace mai tauri, kamar marke ko aduwa, a gasa wutsiyar a wuta har ta yi ja, a cusa ta a kan ƙotar. Wato ƙarfe ne ke shiga cikin itace, kuma kowane sara ƙara danna wutsiyar ciki yake yi. Aibinsa ɗaya, in an daɗe ana aiki kan ƙotar yakan tsage. A gatarin Turawa kuwa itace ne ke shiga cikin ƙarfe. Akwai rami a jikin ruwan, wanda su ke kira ido. Akan tsaga bakin ƙota kaɗan, a zura ta cikin ramin, a kawo ɗan guntun katako mai siririn baki da kaurin gindi a buga a cikin tsagar, har ƙotar ta buɗe ta cika ramin tam. Ƙarfin gatarin duka a wannan mahaɗa yake, kuma a nan yawancin haɗarinsa ke ɓuya.

Wanda ya je saye, abin da zai fara tambayar kansa shi ne aikin da zai yi da nisan da zai ɗauki kaya a baya. Gatarin da ya dace da mai tafiya a ƙasa tsawonsa yakan kama daga santimita 30 zuwa 40, nauyinsa kuma daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Wanda bai kai haka ba, wuƙa mai ƙarfi ma ta yi aikinsa. Wanda ya wuce haka kuwa hannu biyu yake so, kuma kafaɗa za ta ba da labarinsa kafin a isa zango. Siffar ruwan ma abin dubawa ce. Mai siririn jiki yana nutsewa cikin itace, ya fi daɗin sare reshe da sassaƙa, amma yakan maƙale wajen faskare. Mai kaurin jiki yana buɗe gungume da sauƙi, amma sara da shi wahala ne. Mai gatari ɗaya tak gara ya nemi matsakaici.

Ƙasashen arewacin Turai sun yi suna wajen wannan ƙira. A Suwidin akwai maƙerar Hults Bruk, wadda aka kafa a 1697, da ta Gränsfors Bruk, wadda ta fara aiki a 1902. A ta biyun kowane maƙeri yakan buga haruffan farko na sunansa a jikin gatarin da ya ƙera, ta yadda in aiki ya yi kyau ko ya ɓaci an san hannun da ya yi shi. Ƙotocinsu na hikori ne, wani itacen Amurka mai tauri wanda ke shanye girgizar sara. Kamfanin Fiskars na Finlan, wanda asalinsa ya koma 1649, ya bi wata hanya dabam: ƙotarsa ta roba ce mai ƙarfi wadda aka narka ta rungume kan gatarin, ba ruwanta da damina ko rani, amma ranar da ta karye ba mai iya sake ta a daji. Estwing kuma, wanda aka kafa a garin Rockford na Amurka a 1923, yana ƙera ruwa da ƙota daga ƙarfe guda, ya naɗe mariƙin da fata. Wannan kansa ba ya fita har abada, sai dai ya fi nauyi, kuma girgizar sara tana isa gwiwar hannu. Mai son abin da zai iya gyarawa da kansa, ƙotar itace ta fi masa.

Suna ba ya hana dubawa. Mai saye ya ɗaga gatarin, ya runtse ido ɗaya, ya bi kaifin da kallo har zuwa gindin ƙota. In kaifin ya karkata hagu ko dama, sara ba zai sauka inda aka nufa ba. Ya duba gindin ƙotar, inda layukan jikin itace ke bayyana. Waɗanda suka miƙe suka bi fuskar da kaifi ke kallo sun fi waɗanda suka gicciye jure bugu. Ƙota mai ƙulli ko tsaga a bar wa mai kanti abinsa. Wadda aka shafe da fenti mai kauri ma abin tuhuma ce, domin fenti yana rufe aibi, yana kuma sa tafin hannu ya yi bororo. Daga ƙarshe ya kama kan gatarin ya girgiza shi. Ko motsi kaɗan ya ji, kada araha ta ruɗe shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Washi aikin gida ne, tun kafin a ɗaure kaya. Mutane da yawa suna zaton dakusasshen gatari ya fi aminci, alhali shi ne ya fi yawan raunata mai shi. Mai kaifi yana kama itace ya tsaya inda aka sa shi. Dakusasshe sai an ƙara masa ƙarfi, kuma maimakon ya nutse sai ya zame ya nufi ƙafa. In kaifin ya yi giɓi, da magagari ake farawa. A ɗaure gatarin kada ya motsa, a sa safar hannu, a riƙa tura magagarin fuska ɗaya, ana ƙirga adadin turawa don a yi wa ɗaya gefen daidai da haka. Bayan giɓi ya ɓace sai a koma ga dutsen washi, a jiƙa shi da ruwa ko mai, a riƙa zagayawa da shi a hankali daga wannan kusurwa ta kaifin zuwa waccan. Alamar an kai ita ce ɗan siririn ƙarfe kamar gashi da yatsa zai ji ya tanƙwaro a ɗaya gefen. Sai a juya a wasa can, a ƙarasa da goga kaifin a jikin fata har gashin ya faɗi.

Akwai kuskure biyu da sababbin hannu kan yi a nan. Na farko shi ne su sirantar da bakin gatari kamar aska. Bakin gatari so yake ya ɗan yi tudu a bayan kaifi, kusurwarsa wajen digiri 25 zuwa 30, don ƙarfen da ke baya ya tallafi na gaba. In ya yi siriri da yawa, ƙullin itace na farko zai ɓalle shi. Na biyu shi ne kai shi ga injin washi mai gudu. Maƙeri ya gasa bakin, ya tsoma shi ya huce, ya sake ɗumama shi daidai gwargwado kafin ya sami taurin da ake so. Injin yana iya rushe wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Da zarar bakin ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi, kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye ƙarfen da ya ƙone.

Tsatsa maganinta sauƙi gare shi: a goge ruwan ya bushe bayan aiki, a shafa masa ɗan mai, kada a mayar da shi kube yana jiƙe. Ƙota ta fi bukatar lura. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, shi ya sa gatarin da ya yi tam da damina kan fara girgiɗi a hunturu, ko in an ajiye shi kusa da murhu ko na'urar ɗumama ɗaki. Dabarar da aka saba ita ce a tsoma kan a ruwa ya kwana. Da safe lalle zai yi tam, amma yaudara ce. Itacen da ya kumbura cikin ƙarfe matsewa yake yi ya murƙushe, in ya bushe sai ramin ya fi da yi masa yawa. Gyaran gaskiya shi ne a buga gindin ƙotar a kan kututture har kan ya koma mazauninsa, a ƙara danna katakon da ke cikin tsagar ko a sake shi, sa'an nan a shayar da wurin man linsid, wanda kafintoci ke shafa wa katako. Tsumman da aka shafa wannan mai da shi kada a dunƙule shi a jefar, domin yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ya bushe.

Gajartar ƙota ita ce ta sa ƙaramin gatari ya fi babba haɗari. In mai babban gatari ya kuskure, ƙasa zai sara. In mai ƙarami ya kuskure yana tsaye, ƙwaurinsa ne a hanya, ga shi kuwa asibiti yana da nisa. Saboda haka ƙwararru durƙusawa suke yi, su aza itacen a can ƙarshen kututture mai faɗi, bayan sun tabbata ba reshe a sama, ba mutum a kusa. Ba a sara a kan dutse ko tsakuwa. Ba a dukan ƙarfe da ƙeyar gatari, domin yawanci ba a taurara ta ba, ramin zai buɗe. A ƙasashe masu tsananin sanyi akan ɗumama ruwan a cikin riga, yana cikin kubensa, kafin a fara sara, saboda ƙarfe mai sanyi ƙwarai saurin ɓallewa gare shi. Doka ma tana da bakin magana. Ba a shiga jirgin sama da gatari a jakar hannu. A Birtaniya, dokar 1988 ta hana yawo da abu mai kaifi a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma a gandayen dajin gwamnati na ƙasashe da yawa sare ɗanyen itace laifi ne, ko busasshen ma sai inda aka yarda a tsinta.

Bayanin wasu kalmomi

Ruwa: a wannan darasi ba na sha ake nufi ba. Ƙarfen kayan aiki ne, kamar ruwan wuƙa, ruwan fartanya, ruwan gatari.

Ƙota: itacen da ake riƙe gatari ko fartanya ko garma da shi. Jam'i: ƙotoci. Jam'in gatari kuwa gatura.

Wasa: rubutu ɗaya, kalma biyu. Wasan yara karin sautinsa ƙasa ne sa'an nan sama. Wasa wuƙa kuwa sama ne sa'an nan ƙasa, kuma daga shi aka sami washi.

Faskara: ita ma biyu ce. "Ya faskara itace" yana nufin ya tsaga shi. "Aikin ya faskara" yana nufin ya gagara.

Sara: a lura da yadda ma'ana ke sauyawa. Ya sari reshe, wato ya kai masa sara. Ya sare reshe, ya raba shi da uwar itace. Ya saro reshe, ya sare ya kawo nan. Ya sassare rassa, ya sare da yawa ɗaya bayan ɗaya.

Aiki

1. A bayyana bambancin yadda ake haɗa ruwa da ƙota a gatarin Hausa da na Turawa.
2. Me ya sa tsoma kan gatari a ruwa ba gyara ba ne?
3. A gina jimla ɗaya da kowace daga waɗannan kalmomi: giɓi, dakushe, girgiɗi, kututture, saro.
4. A rubuta gajeriyar hira tsakanin mai kanti da ɗalibin da ya ga tsaga a jikin ƙota bayan an gama ciniki.