Darasi: Ɗaliban Jiyya a Wurin 'Yan Kwana-kwana

Jama'a, darasinmu na yau daga ƙasar Ingila ya ke. Za mu karanta labarin waɗansu ɗalibai da a kan tura koyon aiki wurin 'yan kwana-kwana, watau ma'aikatan kashe gobara, alhali kuwa ba kashe wuta su ke koyo ba.

Akwai wata sana'ar lafiya da a ke kira jiyya ta hanyar aiki. Mai wannan sana'a ba ya yin fiɗa. Aikinsa shi ne taimakon tsoho, ko naƙasasshe, ko wanda ya tashi daga ciwo, har ya iya ayyukansa na kullum da kansa, kamar wanka, da sa tufafi, da dafa abinci. Kafin ɗalibi ya sami takardar shaida, sai ya yi aƙalla sa'a 1,000 yana gwada aikin a hannun gwanaye. Yawanci asibiti a kan kai su. Amma waɗansu jami'o'i su kan aika da ɗalibai ofishin kashe gobara su yi 'yan makonni.

To, me ya kawo haka? 'Yan kwana-kwana sun lura akwai mutanen da gobara ta fi halakawa. Su ne tsofaffi, da masu zama su kaɗai, da waɗanda tafiya ta ke yi wa wuya, da masu ciwon mantuwa, da masu shan taba a kan gado. Waɗannan kuwa su ne mutanen da mai jiyya ya saba da su. A shekarar 2015 hukumar lafiya ta Ingila da shugabannin kashe gobara su ka yi yarjejeniya. Su ka ce in an shiga gida duba haɗarin wuta, a duba lafiyar mai gidan kuma.

Bari mu ba da misali. A ce ɗan kwana-kwana da ɗaliba sun shiga gidan wata tsohuwa. Shi zai duba wayoyin lantarki, da murhu, da ƙofar fita, da ƙararrawar da ta kan yi kuka in ta ji hayaƙi. Ita kuwa ɗalibar tsohuwar za ta duba. Shin kunnenta yana jin ƙararrawar? Za ta iya tashi daga kujera da sauri? Yatsunta suna iya murɗa makulli? Ta kan manta da tukunya a kan wuta?

Sa'an nan sai su nemi dabara tare. In tsohuwar ba ta ji sosai, akwai na'urar da a kan sa ƙarƙashin matashi, ta girgiza ta tashe ta daga barci. In tana shan taba a kwance, akwai bargon da wuta ba ta saurin kamawa. In tana shafa man ƙaiƙayin fata, za su gargaɗe ta, gama man ya kan shiga tufafi ya sa wuta ta kama su nan da nan. Hukumar magunguna ta ƙasar ta ja kunnen jama'a a kan wannan a shekarar 2018.

Ba a sakin ɗalibar ita kaɗai. Jami'in kashe gobara yana lura da ita a wurin aiki, wani gwanin jiyya kuma yana duba abin da ta yi. Ita ta koyi halin wuta, su kuma sun koyi halin mutum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma muna da tsofaffi. In hunturu ya zo, a kan shigar musu da kaskon wuta ɗaki. Mu tambayi kanmu: in zanen Kaka ya kama wuta da dare, za ta iya kai ƙofa? Wa zai ji ta? Mu je mu duba yau, kada mu bari sai gobe.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin mai jiyya ta hanyar aiki?
2. Su wa gobara ta fi halakawa?
3. Wane tsoho ne a gidanku ya ke kwana shi kaɗai?