Yadda Jini Ke Kewaya Jiki

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa. Motsin nan da kake ji, zuciyarka ce ke tura jini. In baligi yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, ba dare ba rana.

Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Jinin da ya gama aiki a jiki yana shigowa ta dama, sai a tura shi huhu. A can yake sauke gurɓatacciyar iska, ya ɗauki oksijin, ya yi ja wur, sannan ya komo ɓangaren hagu. Ɗakin ƙasa na hagu ya fi sauran kaurin tsoka, don shi ke kora jini tun daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa. A bakin ɗakunan akwai ƙyamare masu buɗewa gefe ɗaya tak, kada jini ya koma baya. Rufewarsu ce likita ke saurare in ya ɗora abin awo a ƙirjinka.

Da daɗewa masana sun ɗauka jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙananan kafofi. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya ce sam, sai ya bi ta huhu. A 1628 kuma William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin nan ɗaya ne yake ta kewayawa.

To, a nan mutanenmu ke kuskure. In an ga jini ya fito baƙi-baƙi, sai ka ji an ce ai mataccen jini ne. Ko kusa! Jini ne da ya sauke oksijin yana hanyar komawa. Da ya isa huhu zai sake ja. Lita biyar ko kusa da haka baligi yake da ita, kuma cikin kamar minti guda duk takan zagayo.

Dawowa daga ƙafafu ita ce mai wuya, gama hawa ne. Tsokar sha-raɓa ke matsa jijiyoyi tana taimakon zuciya, shi ya sa ƙafar mai dogon zama kan kumbura. Direba da mai tsaron kanti, ku riƙa miƙewa kuna ɗan tattaki. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, saboda haka a je asibiti a auna, ko da ana jin garau.