SIKELI BA SHI KAƊAI NE MA'AUNIN LAFIYA BA

Jama'ar Kwaciri, maza da mata, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Sau da yawa mace takan sauka daga kan sikeli ranta a ɓace. Wata an ce mata ta rame kamar kara, wai mijinta ba ya ciyar da ita. Wata kuma kishiya ta yi mata gorin teɓa. To, ku sani sikeli nauyi kawai yake faɗi. Bai san ƙashi ba, bai san tsoka ba, bai san kitse ko ruwa ba. Ɗan dako a Kantin Kwari yana iya yin kilo ɗaya da mai zaman shago, amma na farko tsoka ce, na biyu tumbi. Wani gidan kuwa dama can sirara ne tun kakanni, kuma lafiyarsu lau.

Ga awon da ya fi, ba ya cin ko kwabo. Ki sami zare, ki auna tsawonki daga ka har ƙasa, ki ninka shi biyu, ki zagaya shi a cikinki, sama kaɗan da cibiya. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitse ya taru a ciki, shi ne kuwa mai jawo ciwon sukari da hawan jini. Maigida, har da kai, tumbi ba shaidar arziki ba ne. Mai juna biyu ban da ita.

A zo a auna jini. Siriri ma yana kamuwa da hawan jini, kuma sau da yawa ciwon ba ya nuna alama. In awo ya kai 140 bisa 90, a sake dawowa a duba. Sa'an nan ki tambayi kanki: ina iya takawa zuwa kasuwar Sabon Gari ba tare da haki ya tsayar da ni ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Daka da shara da tafiya da sauri duk suna ciki.

HATTARA DA SHA-KA-FASHE

Wannan ita ce ta fi damunmu, musamman ga 'yan mata masu shirin aure. Da yawa daga ƙwayoyin nan deksametason ne, magani mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Abin da kike gani kamar ƙiba, ruwa da kitse ne suka taru a jiki, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuwa su sirance. A ciki jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana yin rauni, miki ya ƙi warkewa. Haba 'yar'uwa, duk don a ce amarya ta cika zane? In kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, yin haka yana da hatsari ƙwarai. Kawo mana kwalin, ba za a yi miki faɗa ba, likita zai rage miki a hankali. Shayin rage ƙiba na kasuwa ma yawancinsa zawo yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan.

Amma fa ramar da ta zo haka kawai ba a yin shiru da ita. Wanda ke zubewa, ga tari har mako biyu, ga zufar dare, ya je Asibitin Zana a duba majinarsa. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne. Rama da yawan ƙishirwa da yawan fitsari kuwa, a auna sukari.

Iyaye mata, yaro mai tamowa yana iya yin nauyi saboda kumburi. Danna saman ƙafafunsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, kawo shi yau. Daga wata 6 zuwa shekara 5 muna auna damtse da tef mai launi. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, a ranar za a fara yi masa magani.