Wasiƙa Ga Matashin Da Ya Tara Kuɗin Sayen Gida



'Ya'yana maza da mata, wannan takarda tawa ta nufi duk wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu a cikinku, ya gaji da zaman haya, yana son ya mallaki muhallinsa a Kano. Na san shawarar da take hana ku barci: shin a sayi sabon gini a bakin gari, mai tayil da fenti yana sheƙi, ko kuwa a nemi tsohon gida a unguwar da ta daɗe da kafuwa? Ba zan zaɓar muku ba, domin aljihu da buƙata sun bambanta. Ma'auni zan ba ku, ina roƙon ku riƙe shi da kyau: ku raba abin da kuɗi zai iya gyarawa da abin da ba zai iya ba. Rufi ana canzawa, bango ana rushewa a sake, banɗaki ana sabuntawa. Amma wurin da gida yake, da ƙasar da aka dasa shi a kai, da hanyar zuwa, da mutanen da ke kewaye da shi, waɗannan yadda kuka same su haka za ku zauna da su.

Bari mu fara da sabon gini, tunda shi ne ya fi ɗaukar ido. Yana da alherinsa, ba na musu. Akwai fili, akwai iska, mota tana shiga har ciki, ɗakuna an tsara su daidai da zaman yau, kuma sau da yawa kuɗin da zai saya maka ɗaki biyu a cikin birni zai saya maka huɗu a wajen gari. Sai dai ku sani, gidan da mutum ya gina don ya zauna da iyalinsa daban yake da wanda aka gina don a sayar. Mai gina na sayarwa ribarsa tana cikin abin da ido ba ya gani: tushen da ba a haƙa da zurfi ba, bulon da yashi ya rinjayi siminti, rodi siriri, waya mai araha da aka binne a bango, masai ƙarami da zai cika kafin shekara ta zagayo. Fenti yana rufe wannan duka har sai damina ta farko ta tona asiri. Don haka kada ku shiga ciniki ba tare da kun zo da injiniya ko gogaggen magini naku na kanku ba, wanda ba shi da alaƙa da dillali. Abin da za ku biya shi bai kai kuɗin gyaran bango ɗaya ba.

Bayan ginin, ku tambayi tarihin ƙasar. Kano gari ne mai kududdufai da yawa, waɗanda tun asali daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gina gidaje, kuma su ne suke shanye ruwan sama. An cike da yawa daga cikinsu da shara, an yanka filaye, an ɗora gini. Gidan da aka kafa a kan irin wannan wuri yana iya nutsewa a hankali, bango ya tsage, danshi ya riƙa hawa, kuma ruwan da aka tare wa mazauni zai nemi hanya ta tsakar gidanku. Tsofaffin unguwa sun san inda ruwa yake kwanciya, ku nemi su ku tambaya. Idan da hali, kada ku yanke shawara sai kun ga wurin a watan Agusta, bayan an tafka ruwa.

Sai kuma nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama babban sashe na kashe-kashen kowane gida. Wanda ya sayi gida a wajen Dawanau ko can gaba a titin Zariya, alhali shagonsa yana Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya zauna da biro da takarda ya lissafa: kuɗin mai ko na adaidaita sahu kullum, kuɗin kai yara makaranta, kuɗin 'yan garuwa idan babu rijiyar burtsatse, karo-karon sayen transfoma, kuɗin 'yan sintiri. Ya tara na shekara guda, sannan ya duba ko arahar da ya gani tana nan. Ya kuma tambayi kansa, idan naƙuda ta kama matarsa da ƙarfe biyu na dare a tsakiyar damina, minti nawa ne zuwa asibiti, kuma wa zai buga wa ƙofa? Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda gwamnatin jiha ta gina tsakanin 2011 da 2015, gidaje ne masu kyau da tituna a shimfiɗe, amma da yawansu sun yi shekaru babu mazauna. Darasin a fili yake: ana iya gama gini cikin shekara biyu, amma kasuwa da makaranta da maƙwabtaka sai a hankali suke tsirowa.

To, tsohuwar unguwa fa? Babbar falalarta ita ce komai nata a bayyane yake. Gidan da ya ga damina talatin ya riga ya nuna halinsa. Inda yake yoyo an sani, inda ya tsage ana gani. Akwai masallaci da limami, akwai islamiyya, akwai mai unguwa da ya san kowa, akwai mai kemis da mai kayan miya a bakin layi. Idan an yi haihuwa akwai masu shigowa, idan an yi rasuwa akwai masu ɗaukar makara. Amaryar da aka kai irin wannan wuri ba za ta wuni ita kaɗai tana kallon bango ba. Wannan dukiya ce da ba a rubuta ta a takardar ciniki, kuma addininmu bai girmama haƙƙin maƙwabci a banza ba.

Amma kada ku ɗauka tsufa kaɗai shaida ce ta nagarta. Akwai lungun da mota ba ta shiga, akwai kwatar da ta toshe ta zama gidan sauro, akwai unguwar da rikicin 'yan daba ya hana mutanenta sakat. Ku je da safe, ku je bayan isha'i, ku yi salla a masallacin layin, ku zauna wurin mai shayi ku saurara. Sannan ku ware kuɗin gyara tun kafin ciniki, domin tsohon gida kusan kullum yana buƙatar sabuwar waya, da sabon kwano, da gyaran masai.

Babban tarkon tsohon gida shi ne gado. Gidaje da yawa a cikin birni mallakar magada ne, wani lokaci gado a kan gado ba a raba ba. Sai ɗaya daga cikinsu ya kawo gida kasuwa, a biya shi, bayan shekara wata 'yar uwa da ke aure a wani gari ta kai ƙara kotu. Kada ku ba da ko sisi sai kun tabbatar an raba gado, ko kuma duk magada, maza da mata, sun amince a rubuce a gaban shaidu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Maganar takarda ta shafi ɓangarorin biyu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ya sa takardar shaidar mallaka take da nauyi, kuma sauya sunan mai ita yana buƙatar amincewar gwamnati. Ku bambance awon gwamnati da awon igiya. Filin awon igiya ya fi sauƙin kuɗi, amma sau da yawa ba a bar wa titi da magudanar ruwa da makaranta wuri ba, kuma an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ku kai lambar takarda hukumar KANGIS a bincika muku, ku tabbatar hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da ginin, ku ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniya, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Rushe-rushen da aka yi a Kano a 2023 sun koya mana cewa dole mai saye ya tambaya: wannan wuri da can mene ne? Filin makaranta ne, ko maƙabarta, ko hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki? Ku tuna kuma dillali la'adarsa yake nema. Idan ya ce akwai wani mai saye da zai biya gobe, ku bar wancan ya saya.

Ban ce ku guji bakin gari ba. Hotoro da Ɗorayi da Rijiyar Zaki duk sun taɓa zama ƙauyuka da gonaki, waɗanda suka yi haƙuri da su a lokacin yau sun ci riba. Idan kana da abin hawa, aikinka bai ɗaure ka da cikin gari kullum ba, takardu sun inganta, kuma ka ga alamun titi da jama'a suna matsowa, to ka saya da bismillah. Idan kuwa kana da ƙananan yara, ko tsofaffin iyaye da kake dubawa safe da yamma, ko sana'arka tana tsakiyar kasuwa, ƙaramin gida a kafaffiyar unguwa zai fi maka kwanciyar hankali. Kada ka sayi gida don abokai su yaba, domin ranar walima kaɗai za su zo. Ka zauna da matarka ku yi shawara ta gaskiya, don ita ce za ta fi ka daɗewa a cikinsa kowace rana. Ke ma 'yata da kika tara kuɗin sana'arki ko na gadonki, ki tabbatar sunanki ne a kan takarda, ki kuma ajiye ta a hannunki.

Ku yi istihara, ku nemi shawarar manya, kada ku ci bashin da zai hana ku ciyar da iyali. Allah ya ba ku gida mai albarka da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga dukiyar rikici, ya sa ku shiga lafiya ku zauna lafiya.

Wassalam.

Naku,
Babanku mai yi muku fatan alheri.