Labarin Annoba Amana Ne



Wajen shekara ta 18 bayan Hijira aka yi annobar Amawasa a ƙasar Sham, wadda ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya ƙara musu yarda. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can sai sarakunan yaƙi suka tarye shi a Sargu, suka gaya masa cuta ta faɗa wa ƙasar. Ya shawarci Muhajirai da Ansaru, sa'an nan ya yanke shawarar komawa Madina. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar annoba, ya kuma hana gudu daga cikinta.

An fi kawo wannan ƙissa a babin ƙaddara. Amma ku lura da farkonta: waɗannan shugabanni ba su ɓoye ba. Da sun yi shiru don kada su ɓata wa Halifa tafiya, da ya kutsa da jama'arsa cikin cutar. Hadisin kansa ya rataya hukuncin ne a kan jin labari, wanda bai ji ba kuwa yaya zai kiyaye?

A yau ma tushen shiri ke nan. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 bayan ta auna cewa wata cuta na iya tsallake iyaka. To, amma me ake saka wa mai gaskiya da shi? A Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta bayyana sabon nau'in korona, watau Omikron. Nan da nan Ingila da Amurka da wasunsu suka rufe mata ƙofa. A ganina wannan koya wa ƙasashe ɓoyo ne.

A watan Mayu 2025 aka amince da yarjejeniyar annoba a Janiba, wadda ta nufi kamfanonin da suka shiga tsarin su ware wa Hukumar kashi 20 cikin 100 na allura da magani da kayan gwaji, domin wanda ya ba da labarin cuta da samfurinta kada a bar shi a baya ran rabo. A zaman nan ba a gama sharuɗɗan rabon ba, aka ɗaga su zuwa gaba.