Shawarwari Bakwai Kan Tsara Manhajar Sauraro a Kwamfutar Gida

A Gozaki da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kafur, kwamfuta kan shigo gida bayan kaka, in an kai masara ko waken suya kasuwar Malumfashi ko Funtua, ko kuma ɗan gidan da ke makaranta ya dawo da ita. Daga nan ta zama ta kowa. Maigida na neman tafsiri, uwargida na son Barmani Choge, samari na bin waƙoƙin fim. In aka bar fuskar manhajar yadda ta zo, kullum sai an nemi yaro ya kunna wa manya. Ga yadda za a gyara.

1. Ku tsaya a kan manhaja ɗaya. VLC, wadda ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke fitarwa kyauta, tana buɗe sauti da bidiyo kusan kowane iri. Ita kuwa foobar2000, da ta fito a 2002, ba ta da nauyi ko a tsohuwar kwamfuta, kuma tana barin mutum ya jera sassanta yadda ya ga dama. Gidan da ya tara sauti da yawa, ita ta fi dacewa da shi.

2. Ku raba allon gida uku. A foobar2000, a shiga View, sai Layout, a kunna yanayin gyaran tsari. A sa rumbun fayiloli a hagu, jerin abin da ake saurare a tsakiya, maɓallan kunnawa a sama. Da an gama a kashe yanayin gyaran, don kada ƙananan yara su hargitsa aikin.

3. Kowa da jerinsa. A buɗe shafi na karatun Alƙur'ani, na tafsiri da wa'azi, na waƙoƙin gargajiya, da na yara, kowanne da sunansa da Hausa. Wannan ita ce shawara mafi muhimmanci. Ba daidai ba ne ana zaune da baƙi ana sauraron tafsirin Shaikh Abubakar Gumi, ko na Shaikh Ɗahiru Bauchi, ko na Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, karatu na ƙarewa sai kalangu ya ɓarke. A kashe maɓallin cakuɗawa, domin karatu ya riƙa bin tsarinsa.

4. Ku gyara sunayen fayiloli. Abin da aka turo daga shagon masu tura waƙa ko ta WhatsApp yakan zo da lambobi barkatai maimakon suna. A zauna a rubuta sunan mai karatu ko mawaƙi da taken abin. Surori su fara da lamba, daga 001 zuwa 114, tafsirin azumi kuma daga 01 zuwa 30, sai su jeru da kansu. A riƙe rubutu iri ɗaya: in an sa Mamman Shata a wannan, kada a sa Alhaji Shata a wancan, in ba haka ba manhajar za ta ɗauke su mutum biyu. Ginshiƙi uku sun isa a allon: suna, take, da tsawon lokaci.

5. Ku tuna da idon dattawa. A foobar2000 ana ƙara girman rubutu a sashen launi da haruffa da ke cikin Preferences. A VLC kuma, ƙarƙashin Tools akwai wurin tsara fuska, inda ake jawo maɓalli a ajiye ko a cire shi. A bar na kunnawa, na tsayarwa, na gaba da na baya. A nuna wa Baba da Inna cewa dogon maɓallin nan na ƙasan madannai yana dakatar da sauti a VLC, in an yi sallama ko an kira salla.

6. Ku fito da maɓallin maimaici saboda masu hadda. A VLC, in aka kunna Advanced Controls a ƙarƙashin View, maɓallin A zuwa B zai bayyana. A danna shi a farkon aya, a sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaituwa har yaro ya riƙe. Haka nan a saita manhajar ta ci gaba daga inda aka tsaya, domin tafsirin awa biyu ba ya sauraruwa a zama ɗaya ga wanda gona ke jira.

7. Ku rage ƙyale-ƙyale, ku adana aikinku. Zanen da ke rawa da kiɗa yana cin batir a banza, alhali wuta ba kullum ake samu ba, sola kuma tana da iyaka. A cire shi, a rage hasken allo. Sannan a kwafe fayilolin da jerin kowa a filash ko memori, a ajiye nesa da ƙurar hunturu da damshin damina.

Wannan aiki bai fi zaman yammaci ɗaya ba. Matasan gida, ku ne kuka iya, don haka ku zauna da iyayenku, ku tambaye su abin da suke son ji, ku tsara musu allon yadda za su kunna da hannunsu ko ba ku nan.